Gaskiya Daga Bakin Wa?

An daɗe ana yi wa Bahaushe wani ƙazafi, har shi kansa ya soma gaskatawa: wai ba ya jure suka. Ana faɗin haka a azuzuwan jami'a, ana faɗa a tarukan marubuta, kuma masu faɗin sukan yi shi da muryar likitan da ya gano cutar da ba ta da magani. Ni dai ban yarda ba. Al'ummar da Bakano zai tare Bazazzagi a tsakiyar kasuwa ya yi masa wankin babban bargo, su rabu suna dariya, ba a ce mata ba ta san ɗacin magana ba. Al'ummar da jika zai dubi kakarsa ya ce ta tsufa ta ƙi mutuwa, ita kuwa ta saka masa da ƙosai, ta iya haɗiye magana mai ƙaya. Bahaushe yana jure suka ƙwarai da gaske. Abin da yake yi kafin ya jure shi ne awo: yakan auna bakin da maganar ta fito, da wurin da aka yi ta, da idanun da suka shaida. Sai ya gama wannan awon yake waiwayar maganar kanta, in ma ya waiwaye ta. Wannan ɗabi'a tana da dalilanta, kuma zan ba ta haƙƙinta. Amma da'awata ita ce, a fagen adabi ta zame mana guba mai zaƙi, kuma in ba mu tofar da ita ba za mu ci gaba da tara littattafai ba tare da mun tara adabi ba.

Mu fara duba ƙofofin da al'ada ta buɗe wa suka. Akwai barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarbawa, da taubasai ɗan mace da ɗan namiji. A Jamhuriyar Nijar wannan wasa ya yi ƙarfin da hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2014. Akwai tashe a watan azumi, inda yara kan kwaikwayi malami mai son zuciya ko tsohon da ya ƙi girma, manya na kallo suna ba su hatsi. Akwai wawan sarki, wanda ke faɗa wa mai martaba abin da waziri ba zai iya faɗa ba. Akwai makaɗin fada da zambonsa, wanda ke sa ɗan sarki ya kasa barci. Ƙofofin suna da yawa, amma duk makulli ɗaya ke buɗe su: mai maganar mutum ne da ba a ɗaukar maganarsa hujja. Wawa wawa ne, yaro yaro ne, maroƙi an san abin da ya kawo shi, taubashi kuwa wasa yake yi. Wanda aka soka yana da mafaka a kullum, don zai iya yin dariya ya ce ai wane ne. Ya ji gaskiyar, tana iya ma yi masa aiki a ɓoye, amma ba a tilasta masa amsa ta a gaban jama'a ba.

Ƙofa ta biyu ita ce wadda ke gangarowa daga sama. Uba ya yi wa ɗa faɗa, malami ya tsawata wa almajiri, uwar miji ta gyara wa amarya zama. Nan ma ba a samun tashin hankali, domin matsayi ya riga ya yanke hukunci tun kafin a buɗe baki. Matsalar tana ɓullowa ne a wurare biyu: idan na ƙasa ya ɗaga kai ya soki na sama da gaske, ba da wasa ba, da kuma idan tsara ya soki tsara a fili. A nan ne harshenmu ya ƙera makamansa na zagaye, wato habaici da gugar zana da hannunka mai sanda da shaguɓe. Yawan waɗannan kalmomi kaɗai shaida ne cewa magana kai tsaye tana da tsada a wurinmu.

Me ya sa take da tsada? Domin mutunci jari ne, kuma ba a salon magana nake faɗin haka ba. A Kantin Kwari ko kasuwar Kurmi ana ɗaukar kayan miliyoyi bashi ba tare da takarda ba, jingina ɗaya ita ce sunan mutum. Da suna ake neman aure, da shi ake shiga tsakani a sasanta rikici, da shi ake samun mai tsaya wa mutum ranar da ya shiga uku. Wanda aka kunyata a bainar jama'a ya yi asarar da ake iya lissafawa. Saboda haka idan Bahaushe ya fusata don an soke shi a fili, ba raunin zuciya ke damunsa ba, dukiyarsa yake karewa. Duk mai sukar da bai fahimci wannan ba, ya zo da maganarsa tsirara sa'annan ya yi mamakin an kore shi, shi ma yana da nasa kason na laifi.

Sai dai abin da ya kare ɗan kasuwa yana iya halaka al'umma, kuma tarihinmu ya nuna haka. A watan Agusta na 1950 abubuwa biyu suka faru a Arewa. A Kaduna, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisa ya kawo ƙudurin neman a yi wa mulkin En'e garambawul, yana kukan yadda aka mayar da talaka ba a bakin komai ba. A Kano kuma wasu samari suka kafa jam'iyyar NEPU, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya shugabanta, kuma kukansu bai yi nisa da na Ɓalewa ba. Maganar Ɓalewa ta ɓata wa sarakuna rai, amma an saurare ta, an yi muhawara a kanta, mai ita kuwa ya ci gaba da hawa har ya zama Firayim Minista. 'Yan NEPU su kuma suka sha ɗauri da bulala a kotunan En'e, Hajiya Gambo Sawaba ta yi ta shiga kurkuku tana fita. Ban ce manufofinsu ɗaya ba ne ta kowace fuska, domin NEPU ta fi zafi kuma ta fi nisan buri. Amma wa zai musa cewa rabin bambancin sakamakon daga bambancin baki da fage ya fito? Ɗaya shugaban makaranta ne da ya yi karatu a London, yana magana da Turanci a zauren da aka keɓe. Sauran kuwa teloli ne da 'yan tireda da ƙananan ma'aikata, suna magana da Hausa a bakin kasuwa inda talaka ke ji. Yau kowa na yabon Malam Aminu, har da jikokin waɗanda suka ɗaure mabiyansa, domin mutuwa ta cire shi daga sahun masu barazana. Mun ƙware wajen karɓar gaskiya daga bakin mamaci.

Wannan awon baki ya biyo mu har cikin adabi, kuma babu inda ya fi fitowa fili kamar a rikicin littattafan soyayya. Shirin ilimin firamare na bai ɗaya da aka fara a 1976 ya samar da dubban matasa masu iya karatun boko da Hausa. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 kuma ya karya ƙarfin kamfanonin ɗab'i. Ga masu karatu, babu abin karantawa. Sai matasa, yawancinsu ba su taka jami'a ba, da yawansu kuma matan aure ne, suka shiga rubutawa suna bugawa da kuɗinsu. Daga cikinsu aka sami Balaraba Ramat Yakubu mai Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, da Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna, da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa mai Allura Cikin Ruwa. A farkon shekarun 1990 aka fara sukar wannan rubutu a jaridu, Ibrahim Malumfashi ya laƙaba masa sunan adabin kasuwar Kano, bisa kwatanci da ƙananan littattafan kasuwar Onica. Muhawarar ta ɗauki shekaru, ta ratsa jaridar Nasiha, ta kai ga shafin adabi na New Nigerian Weekly a ƙarshen shekarun, inda irin su Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suka sa alƙalumansu.

Masu sukar ba su rasa hujja ba. Littattafai da yawa an buga su cikin gaggawa, ƙa'idojin rubutu a karye, labari ya yi kama da na fim ɗin Indiya har ya kusa zama kwafi, taurari duk 'ya'yan attajirai masu motoci. Waɗannan aibobi ne na gaske, kuma da an tattauna su littafi bayan littafi, shafi bayan shafi, da marubutan sun ƙaru. Amma abin da ya isa kunnen marubutan shi ne kalmar kasuwa, daga bakin masu digiri, a kan mutanen da aka riga aka raina don ba su da digiri. Ba su yi kuskuren ji ba. Sunan da wasunsu suka raɗa wa ƙungiyarsu a Kano, wato Raina Kama, ya isa ya nuna sun san idon da ake kallonsu da shi tun kafin a furta. Aka wayi gari kowa ya koma bayan garkuwarsa. Malami yana ganin an yi wa ilimi rashin kunya, marubuci yana ganin hassada ce kawai don littafinsa yana shiga ɗakunan da na malamin bai taɓa leƙawa ba. Littafin kansa, wanda saboda shi aka taru, sai 'yan ƙalilan ne suka buɗe shi da niyyar nazari.

Da yake fagen nazari ya zama fagen kare mutunci, sai wani mai sukar ya shigo wanda ba ya buƙatar hujja. A shekarar 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano. A 2007 kuma aka tara littattafan hikaya da aka karɓe daga hannun 'yan makaranta aka cinna musu wuta a bainar jama'a, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Wuta ba ta san bambancin littafin batsa da littafin da ke kukan auren dole ba, duk toka ɗaya take mayar da su. Ban ce manazarta ne suka kunna ashanar ba. Abin da nake cewa shi ne, al'ummar da ba ta koyi tantance littafi mai kyau da marar kyau ta hanyar muhawara ba, dole wata rana ta miƙa aikin ga mai riƙe da sanda. Sukar da aka hana tsara ya yi wa tsara, ita ce ta dawo daga sama, inda al'ada ta koya mana mu sunkuyar da kai.

Sa'annan a dubi abin da ya biyo baya, don a ga yadda harshe da nisan wuri ke sauya hukunci. A 2012 wani kamfanin ɗab'i mai suna Blaft da ke birnin Chennai na ƙasar Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Aliyu Kamal ya yi zuwa Turanci. Labarin bai canza ba: matar da miji ya kora da 'ya'yanta don ya yi sabuwar amarya, ta tashi ta nemi na kanta. Amma da ya sa rigar Turanci ya dawo ta ƙetare, sai wasu da suka yi shekara ashirin suna ɗauke kai suka fara alfahari da shi. A 2016 kuma littafin Abubakar Adam Ibrahim, Season of Crimson Blossoms, ya ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya ta dala 100,000. Labari ne na wata dattijuwa da mijinta ya rasu, wadda ta faɗa alaƙar ɓoye da wani matashi ɗan daba. Littafi ne da ya cancanci yabon da ya samu. Amma mai karatu ya tambayi kansa tsakani da Allah: da wata matar aure ce a Fagge ta rubuta wannan labarin da Hausa ta kai shi kasuwa, kyauta za ta samu ko sammaci? Turanci katanga ne, abin da aka faɗa a bayansa ba ya taɓa mutuncin unguwa, don haka ana iya jure shi, har a tafa masa.

Yanzu ina muka tsaya? Ƙurar muhawarar ta lafa, abin da ya maye gurbinta kuwa ya fi ta muni, wato sambarka. A je taron ƙaddamar da littafi a ji mai sharhi. An gayyace shi ne don aboki ne ko malamin marubucin, ga babban mai ƙaddamarwa a zaune da alkawarin kuɗi a aljihu, ga iyaye da surukai. Zai yaba bango, ya yaba jigo, ya ambaci kurakuran ɗab'i guda biyu don a ce ya yi adalci, ya zauna. Wurin ne ya rubuta masa sharhin tun kafin ya buɗe littafin. A zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook da Wattpad, inda rubutun hikaya ya koma da zama, marubuciya kan saki shafi a yi mata ruwan addu'ar ƙarin basira. Wadda ta kuskura ta ce tauraruwar labarin ba ta yi kama da 'yar Adam ba, ko warwarar ƙullin ta zo da gaggawa, sunanta 'yar baƙin ciki, kuma ba za ta kwana a zauren ba. Mu da muka bar jami'a kwanan nan mun san ɗaya fuskar. Ɗalibi kan rubuta kundin digiri a kan littafi, ya jero jigo da zubi da tsari da salo kamar mai cike fom, ba tare da ya faɗi ko littafin ya yi kyau ko bai yi ba. Ya san marubucin yana iya zama aminin mai duba shi, kuma saɓa wa ra'ayin da malami ya wallafa tamkar taka rawanin uba ne. Daga kasuwa har jami'a, tsoro iri ɗaya ne yake sanye da riguna daban-daban.

Za a ce mini addini da al'ada sun yi umarni a yi nasiha a asirce, kuma wanda ya yi wa ɗan'uwansa gyara a gaban jama'a ya tozarta shi. Gaskiya ne, kuma ina girmama wannan ƙa'ida a inda take. Amma inda take shi ne aibin mutum na kansa, abin da ya aikata a bayan ƙofarsa. Littafi kuwa mai shi ne ya fito da shi da hannunsa, ya sa masa farashi, ya roƙi duniya ta karanta. Idan akwai kuskure a ciki, yana cikin kowane gida da littafin ya shiga, raɗa a kunnen marubuci ba za ta bi gidajen ta gyara ba. Mai karatun da ya fitar da kuɗinsa shi ma yana da haƙƙi, haka matashin da zai ɗauki littafin ya mai da shi abin koyi.

Kuma kada wanda ya ce suka a fili baƙuwar ɗabi'a ce da Turawa suka kawo. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga wasu abokan jihadi sun karkata ga dawaki da tufafi da tara dukiya, bai yi musu raɗa ba. Ya rubuta sukarsa cikin waƙa, ya adana ta a Tazyinul Waraƙati, har ya bar rundunar ya nufi gabas ya yada zango a Kano, inda ya rubuta Liya'ul Hukkami. Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne na Muhammadu Bello. Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno ya aiko da wasiƙu yana ƙalubalantar hujjar yaƙar Barno, da kalmomi masu kaifi, a lokacin da takubba ke zare. Bello bai ƙona su ba. Ya kwafe maganar abokin hamayyarsa a cikin Infaƙul Maisuri, ya biyo ta da amsa, ya bar wa na baya su yi hukunci. Shekara fiye da 200 ke nan, kuma albarkacin wannan ne muke iya karanta hujjar ɓangarorin biyu a yau. Mutumin da ke jagorantar runduna ya iya ba mai sukarsa wuri a cikin littafinsa, mu kuwa marubucin da mabiyansa ba su cika zaure ɗaya ba yana korar wanda ya ce masa babi na uku ya yi tsawo. Wane ne a cikinmu ya bar gado?

Abin da nake nema ƙofa ce ta uku, wadda al'ada ba ta gama sassaƙa mana ba: inda tsara zai soki aikin tsara da gaske, a fili, da sunansa, kuma su gaisa gobe. Tana da sharuɗɗa a kan kowa. Mai suka ya karanta littafin har ƙarshe, ya nuna shafi da layi, ya faɗi abin da ya yi kyau da irin ƙarfin da ya faɗi abin da ya ɓaci, ya bar asalin marubuci da karatunsa da aurensa a waje. Ya yi da Hausa, a inda masu karatun littafin za su gani, don sukar littafin Hausa da Turanci a mujallar da ke kulle a ɗakin karatun jami'a gulma ce mai lasisi. Marubuci kuma ya daina tambayar wa ya aiko mai sukar. Ko da maƙiyinsa ne, tambayar da za ta amfane shi ita ce ko abin da aka faɗa haka yake a shafin. Masu shirya gasa su ma suna da rawar takawa. Tun gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, har zuwa Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, gasa ce ke ɗaga marubutanmu. To, alƙalai su riƙa bayyana dalilan hukuncinsu a rubuce, su faɗi raunin wanda ya yi na ɗaya kamar yadda suke faɗin ƙarfinsa, don matasa su ga ana iya ɗaukar kambu da gyara a rana ɗaya ba tare da rawani ya faɗi ba.

Na san ba a sauya ɗabi'ar al'umma da maƙala ɗaya. Awon baki zai ci gaba a kasuwa da fada da gidan biki, kuma a can yana da aikin da yake yi. Amma adabi wuri ne da muka gina da gangan don a faɗi abin da ba ya faɗuwa a zaure. Marubutanmu sun yi ƙarfin halin sukar auren dole da zaluncin kishiya da cin amanar masu mulki, sun nemi al'umma ta saurara ba tare da ta tambayi ko su wane ne ba. Bai kamata su hana a yi wa littattafansu abin da suke yi wa al'umma ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, sai a wurin wanda ya riga ya san kayan nasa ba za su jure kwancewa ba.